Suna Linzami: Wa Ke da Ikon Cewa Wannan Parkour Ne, Wancan Ba Shi Ba Ne?

A ɗauka ga katanga mai tsayin ƙugu, ga kuma samari biyu sun nufo ta a guje. Na farko ya dafa ta da hannu biyu, ya zura ƙafafunsa ta tsakanin hannayen, ya dira a ɗaya ɓangaren ya ci gaba da gudunsa kamar ba abin da ya tare shi. Na biyu da ya iso sai ya taka bakinta, ya yi sama, ya wuntsila a iska, ya sauka yana fuskantar inda ya fito. Mai kallo daga nesa zai ce ai wasa ɗaya suke yi, na biyun ne dai ya fi burgewa. Amma a cikin masu wannan harka akwai waɗanda za su rantse maka cewa na farkon ne kaɗai ya yi parkour, wato horon tsallake katangu da shingaye da jiki kawai. Na biyun, in ji su, wani abu ya yi daban, kuma abin yana da nasa sunan.

Shekara ashirin ke nan ko fiye ana wannan ja-in-ja. Wasu na ganin ɓata yawu ne kawai, tunda katanga ba ta tambayar sunan abin da ka zo yi mata. Wasu kuma na ganin in sunan ya lalace, abin ma ya lalace. Ni dai a ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai an daɗe ana faɗan a wurin da bai kamata ba. Kafin in kai ga dalili, bari mu ga yadda aka yi abu ɗaya ya wayi gari da sunaye har uku.

Tushen ya koma ga wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Georges Hébert. Yana kusa da tsibirin Martinik a watan Mayun 1902 lokacin da dutsen Pelée ya yi aman wuta ya shafe garin Saint-Pierre, inda kusan mutum dubu talatin suka hallaka. Ya shiga aikin ceto, kuma abin da ya gani ya sa ya yanke cewa ƙarfin jikin da ba zai fitar da kai ko ɗan'uwanka daga halaka ba, ado ne kawai. Daga nan ya tsara horon da ya kira hanyar ɗabi'a: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita jiki a kan siririn abu, jifa, ɗaga nauyi, kare kai da iyo. Takensa shi ne mutum ya yi ƙarfi domin ya yi amfani. Sojojin Faransa suka ɗauki tsarin, aka gina filayen horo masu shingaye, katangu da ramuka, waɗanda ake kira parcours du combattant, wato hanyar mayaƙi. Kalmar parcours ke nan, ma'anarta hanya ko zangon da ake bi.

Sai Raymond Belle, wanda aka haifa a 1939 a ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam, lokacin tana hannun Faransa. Yaƙi ya raba shi da iyayensa yana yaro, ya tashi a gidan marayu na soja a garin Da Lat, inda ya riƙa horar da kansa a ɓoye don kada a raina shi. Bayan an kawo shi Faransa ya shiga rundunar 'yan kwana-kwana ta birnin Faris, ya yi suna wajen ceto. Ɗansa David, haihuwar 1973, shi ne ya ji waɗannan labarai daga bakin mahaifinsa, ya ɗauko abin ya kawo shi cikin unguwa. A garuruwan Lisses da Évry da ke kudu da Faris, a ƙarshen shekarun 1980, shi da 'yan'uwansa da abokansa suka mai da benaye, matakalai, bishiyoyi da wata doguwar katangar hawa da ake kira Dame du Lac filin horonsu.

Horon nasu ba na nishaɗi ba ne. Sukan maimaita tsalle guda har sai ƙafa ta gaji, kuma yin abu sau ɗaya ba ya shiga lissafi a wurinsu, don sa'a ma tana iya ba ka wannan. In mutum ɗaya ya kuskure, a wasu lokutan kowa ne zai koma farko. Abin da ya haɗa su a lokacin ba suna ba ne, don babu ma sunan tukuna.

A 1997 su tara suka sa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, daga harshen Lingala na Kwango, kalma mai nufin ƙarfi. Abin da suke yi kuma suka kira shi art du déplacement, wato fasahar matsawa daga wuri zuwa wuri. Ba a jima ba aka samu saɓani kan alƙiblar da za a dosa, musamman da aka fara gayyatarsu wasanni a dandamali, sai David Belle da Sébastien Foucan suka ja gefe. David ya riƙe kalmar mahaifinsa, parcours, wani abokinsa ɗan fim mai suna Hubert Koundé ya ba shi shawarar ya sa harafin k a madadin c, ya kuma yar da s ɗin ƙarshe don kalmar ta ƙara kaifi. Haka aka samu parkour. A 2003 kuma, lokacin da ake ɗaukar shirin talabijin na Jump London a Ingila tare da Foucan, aka nemi kalmar da masu jin Ingilishi za su fahimta nan take, aka fito da freerunning, wato gudu sakaka. Daga baya Foucan ya rungumi wannan suna ya ɗora masa tasa fahimtar, cewa kowa ya bi hanyarsa, ya bayyana kansa da jikinsa yadda ya ga dama.

A lura da wannan da kyau, don nan ne gizo ke saƙa. Sunayen uku daga gida ɗaya suka fito, daga yaran da suka goge tafin hannu a katanga ɗaya. Na farko sunan ƙungiya ne ya zo da shi, na biyu rabuwar abokai ta haifar da shi, na uku kuwa asalinsa fassara ce don sauƙaƙa wa baƙi. Ba wanda ya zauna ya ware motsi kashi uku sannan ya raɗa wa kowane suna. Sunayen ne suka riga zuwa, daga baya mutanen da ba su taɓa taka Lisses ba suka zo suna neman bambancin da zai dace da su.

Bambancin da ya fi yaɗuwa shi ne wannan: parkour tafiya ce daga wuri zuwa wuri ta hanya mafi sauri da ƙarancin asarar ƙarfi, kamar mai tsere wa haɗari ko mai zuwa ceto. Freerunning kuma shi ne inda aka yarda da alkafura, juyi da duk wani salo na ƙawa. Ma'auni mai sauƙi: in kura ta biyo ka, za ka tsaya yin alkafura? In ba za ka yi ba, to alkafura ba parkour ba ce.

Magana ce mai daɗin ji, amma in ka matsa ta kaɗan sai ta fara yoyo. Je ka kalli masu wannan horo na sa'a guda. Ba za ka ga kowa yana tafiya daga wani wuri zuwa wani ba. Abin da za ka gani shi ne mutum tsaye a bakin wata 'yar katanga, yana duban wata da ke gabansa taku bakwai ko takwas. Ya goge tafin takalminsa da hannu. Ya lanƙwasa gwiwa, ya kaɗa hannaye baya, ya fasa. Ya sake. A karo na uku ya tashi, ya sauka a kan ƙwallon ƙafarsa daidai gefen kankaren, dugadugansa na lilo a iska, ya tsaya cak ba tare da ya ƙara taku ba. Sannan ya sauko, ya zagayo, ya koma inda ya fara don ya sake yi sau talatin. Wannan mutum bai je ko'ina ba. Kuma in sauri ake nema da gaske, sau da yawa ƙofa da matakala sun fi katanga sauri, keke kuma ya fi su duka. Har ila yau, su kansu waɗanda suka kafa abin sun iya alkafura kuma an ga suna yi. David Belle ya taɓa wasan jimnastik yana yaro, kuma akwai tsofaffin bidiyoyinsa da ya wuntsila a ciki. Abin da ake ruwaitowa daga gare shi shi ne yana yi don jin daɗi, amma bai ɗauke ta a matsayin gundarin horon ba.

Ashe ke nan ma'anar ba a jerin motsi take ba. Ba za ka iya rubuta takarda ka ce waɗannan halal ne a parkour, waɗancan haram ba. In akwai wani abu da sunan ke riƙe da shi, to niyya ce da kuma tambayar da mai horo ke yi wa kansa. Wani na tambaya: zan iya wuce wannan shinge lafiya, a gajiye, a cikin ruwan sama, yau da gobe da shekara ashirin masu zuwa? Wani kuma na tambaya: me zan iya ƙirƙira a wannan wuri da ba wanda ya taɓa yi? Tambayoyi biyu ne na gaskiya, kuma mutum ɗaya kan yi su duka a yini ɗaya. Shi ya sa yawancin matasan da suka shigo harkar daga baya ba sa damuwa, komai parkour suke ce masa, su wuce wurin.

A wannan mataki, wato tsakanin jiki da kankare, na yarda da masu cewa suna ba komai ba ne. Akwai ma abin dariya a sunayen motsin kansu. Tsallaken da saurayin farko ya yi a farkon wannan rubutu, Faransawa na kiransa saut de chat, tsallen kyanwa. Masu jin Ingilishi kuma suka sa masa sunan biri ko goggo. Sai suka ɗauki sunan kyanwar suka ba wani motsi daban, wanda mutum ke tsalle ya kama bakin katanga da hannu, tafin ƙafarsa na manne a jikinta, alhali Faransawa tsallen hannu suke ce wa wannan. Bafaranshe da Bature za su iya yin gardama kan wace ce kyanwa har rana ta faɗi, amma da zarar ɗaya ya yi, ɗayan ya gane. Gani ya kori ji.

To amma daga nan ne nake rabuwa da su. Suna ba don wanda ya riga ya iya ake yin sa ba, don wanda bai sani ba ne. Yaron da ya fara sha'awar abin, kalmar zai rubuta a intanet, kuma abin da ya fito masa shi zai ɗauka shi ne parkour. In abin da ya gani mutane ne na rataye da hannu ɗaya a ƙolin bene mai hawa hamsin, ko masu tsallaka rufi da rufi ba tare da an nuna masa shekarun da suka yi suna horo a ƙasa ba, to da wannan zai fara. Ba zai san cewa darasin farko shi ne sauka ba: yadda ake dira a kan gaban ƙafa ba dugadugi ba, yadda gwiwa ke shanye nauyi, yadda ake adungure ta kan kafaɗa a karkace zuwa ƙugun ɗaya gefen don kada ƙashin baya ko kai su taɓa ƙasa. Ba zai ji taken da tsofaffin ke maimaitawa ba, être et durer, wato ka kasance kuma ka ɗore. Haka nan duk lokacin da wani ya faɗo daga gini yana ɗaukar hoton kansa, jaridu kan ce ɗan parkour ne, ko da bai taɓa horo da kowa ba. Washegari masu horo a filin wasan yara, waɗanda ƙafarsu ba ta wuce tsayin mita ɗaya daga ƙasa ba, su ne za a kora. Iyaye, shugabannin makarantu, kamfanonin inshora da hukumomin birni duk da sunan suke hukunci, don ba su da lokacin zuwa su kalla.

Ingila ta nuna yadda suna ke buɗe ƙofa. A watan Janairun 2017 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da parkour a hukumance a matsayin wasa, da ƙungiyar Parkour UK a matsayin mai kula da shi. Wannan ya ba da damar neman tallafin gwamnati, ya kuma sauƙaƙa shigar da shi makarantu da ba masu koyarwa takardar shaida. Abin sha'awa, a can ba su tsaya raba gashi ba, sun haɗa sunayen uku a matsayin abu ɗaya. Sun fahimci cewa in za ka shiga ofis, gara ka shiga da murya ɗaya.

A wannan shekarar ce kuma aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Hukumar jimnastik ta duniya, FIG, wadda aka kafa tun 1881 kuma hedkwatarta ke Lausanne a Suwizalan, ta bayyana aniyarta ta ɗaukar parkour a matsayin reshe daga rassanta. Ƙungiyoyin parkour na ƙasashe da dama suka yi ca, suka ce wannan ƙwace ne da rana tsaka, don parkour bai fito daga jimnastik ba, yana da nasa tarihi da nasa mutane. Suka kafa Parkour Earth a 2017 don ta zama tasu hukumar ta duniya. Bai hana komai ba. A watan Disambar 2018, a babban taronta na birnin Baku, FIG ta kaɗa ƙuri'a ta shigar da parkour cikin wasanninta. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar wakilan hukumomin jimnastik ne na ƙasashe, ba masu tsallen katanga ba. Kuma don adalci, ba duka tsofaffin ne suka ƙi ba. Charles Perrière, ɗaya daga cikin tara na Yamakasi, ya yi aiki da hukumar, yana ganin hanya ce ta kai abin gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa.

Me ya sa hukuma mai shekara sama da ɗari za ta damu da wasan yaran unguwa? Saboda Kwamitin Olamfik na Duniya hukuma ɗaya yake amincewa da ita a kan kowane wasa, kuma yana neman wasannin da matasa ke kallo. Wanda aka rubuta sunan wasa a ƙarƙashinsa, shi ke tsara dokoki, shi ke horar da alƙalai, shi ke cewa wane ne gwanin duniya, kuma ta hannunsa kuɗi ke bi. An taɓa yin irin wannan. Da za a shigar da wasan zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara cikin gasar Olamfik ta Nagano a 1998, sai aka miƙa shi ga hukumar wasan ski, aka tsallake ƙungiyar da masu allon suka kafa da kansu. Terje Håkonsen na Norwe, wanda ake ganin ba kamarsa a lokacin, ya ƙi zuwa. Zuwa 2002 ƙungiyar tasu ta rufe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin masu rawar breaking ma akwai darasi a ciki, ta wata fuskar. Su da suka fara ta a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970 ba su taɓa son kalmar breakdance da 'yan jarida suka laƙaba musu ba. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 an kira ta da sunan da suke so, amma hukumar da ta riƙe ta asalinta ta masu rawar zaure ce ta Turawa. Sun ci nasara a kan lafazi, akalar kuwa tana hannun wasu. Wannan ne ya sa nake cewa gardamar alkafura gardama ce ta cikin ɗaki. Shekaru aka kwashe ana tantance wa ya cancanci sunan tsakanin 'yan gida, ba a lura cewa tambayar da ta fi nauyi ita ce wa zai sa hannu a madadin sunan a gaban hukuma ba.

Gasa kanta tsohuwar rigima ce a nan. A 2007 wasu masu horo suka yi gangamin cewa a bar parkour ba tare da kishiya ba, don a fahimtarsu abokin karawarka shi ne tsoronka da kasalarka, kuma da zarar an sa kyauta, mutane za su yi tsallen da jikinsu bai shirya masa ba. A wannan shekarar ce kamfanin Red Bull ya shirya gasarsa ta farko ta Art of Motion a birnin Biyana na Ostiriya, kuma a lokacin sunan freerunning ne ya ba kowa mafita: masu son gasa su yi a ƙarƙashinsa, masu ƙi su riƙe parkour. Bambancin da ya fara a matsayin fassara sai ya zama katangar da ta raba masu sayarwa da masu ƙin sayarwa. Ko ba komai ya yi wannan amfanin na ɗan lokaci.

Ban ce gasa aibu ce ba. Akwai matasan da ita ce ta ba su abin yi da abin dogaro, kuma ba wanda ke da hurumin ce musu su koma su yi ta tsalle a bayan gida kyauta don a kiyaye tsarkin wata kalma. Abin da nake cewa shi ne duk abin da aka ba maki, shi ake koya. Alƙali ba zai iya auna shekara ashirin na gwiwa lafiyayya ba, ba zai iya auna tsallen da mutum ya duba ya ce yau ba zan yi ba, alhali wannan shawara tana cikin mafi wuyar abin da horon ke koyarwa. Abin da zai iya aunawa shi ne daƙiƙa nawa, da juyi nawa.

A watan Oktoban 2022 FIG ta yi gasarta ta farko ta fitar da gwanin duniya a parkour a birnin Tokyo, a kan shingayen da aka ƙera musamman aka jera a fili. Kashi biyu aka yi. A na farko ana tsere ne da agogo. A na biyu, wanda suke kira salon sakaka, alƙalai na zaune suna ba da maki kan wuyar motsi da tsabtar yin sa, kuma alkafura da juyi a iska na cikin manyan abubuwan da ke kawo makin. Wanda ya yi nasara a wannan kashi, lambar zinaren da aka rataya masa ta gwanin duniya ce a parkour. Saurayi na biyu ke nan na bakin katangarmu, wanda aka yi shekaru ana ce masa abin da yake yi ba shi ba ne.